Madubin da Goggo Ta Rufe a Hindawiyya

Litinin: Funtuwa zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba na ja ƙofar gidana a Funtuwa, na shiga motar da na yi shata zuwa Kano. Mun yi sallah a Malumfashi, muka karya da ƙosai da kunu a Gwarzo. Shingen bincike huɗu muka wuce. A na uku ɗan sanda ya leƙo ya tambayi inda muka nufa, na ce filin jirgi. Sai ya tsaya cak.

"Hajiya, don Allah sake magana."

Na sake. Ya kira abokin aikinsa, wai ya zo ya ji tsohuwar nan mai faɗa ta rediyo. Shekara ashirin da takwas na yi ina wasan kwaikwayo a rediyo kafin in yi ritaya, kuma haka abin yake a ko'ina: ba wanda ya san fuskata, amma da na buɗe baki an gane ni. Ya ɗaga mana sanda muka wuce, direba yana ta murna kamar shi aka gane.

Ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Abdulƙadir ne ya kira ni, ɗan Goggo Maryamu ƙanwar mahaifina, wanda muke ce wa Gadiri. Abokin wasana ne, haifaffen Jidda kamar uwarsa. Mahaifina kaɗai ya dawo gida yana saurayi, sauran dangi suka zauna can. Gadiri ya ce an yi wa gidajen layinsu a unguwar Hindawiyya jan rubutu, za a rushe, ranar Asabar za a yanke wuta da ruwa. Ya kama haya a unguwar Mahjar, kowa ya kwashe kayansa, amma Goggo ta ce ba inda za ta. Wai akwai wani madubi da ba za ta taɓa ba, ba kuma za ta bari a taɓa ba. Ta ce a kirawo mata mai karanta boko daga cikin jininta. Su can duk Larabci suka yi, ni ce na rage.

Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya da kwata na rana, muka sauka bakwai da rabi agogon Jidda. Gadiri na jirana da farar jallabiya da tumbi.

"Ahlan, 'yar ƙauye. Yalla, kawo shantar."

Jaka yake nufi. Na ce masa bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa tsawa. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Talata: Hindawiyya

Sai da gari ya waye na ga inda na kwana. Rabin unguwar babu. Daga tagar bene ana hango fili fetal, tarin bulo da ƙarafa, da wata ƙofar ƙarfe shuɗiya a tsaye ita kaɗai, an kulle ta da kwaɗo, ba gida a bayanta. Kyanwoyi sun fi mutane yawa. Ƙarfe tara na safe ne, amma ban ji kukan yaro ko ɗaya ba.

Goggo ta haura saba'in da biyar, 'yar ƙarama, idonta garau. Ummi take ce mini, don sunan mahaifiyarta gare ni. Bayan mun ci dafaffen waken da suke kira ful da gurasar tamis, ta kori Gadiri, ta ja ni ɗakinta.

Madubin yana jingine da bango a kan wani tebur mai siraran ƙafafu, tsayinsa zai kai ƙirjina. An lulluɓe shi da baƙin mayafi wanda tsufa ya mai da ruwan toka, an ɗaure da igiya ta baya. Fanka a kashe take, taga a rufe, amma ɗakin na ƙamshin wata hoda da ban taɓa ji ba, mai daɗi, mai ɗan nauyi. Na ji gashin jikina ya tashi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

"Na Madam ne," in ji Goggo. "Zauna, kada ki juya masa baya."

Ta ciro wani gwangwanin biskit, ta zuba mini katuna a cinya. Hotuna ne na wata Baturiya, fuskarta fari fat, idanu sun sha baƙi, gashi a nannaɗe. A wani tana riƙe da wuƙa, a wani tana kwance a kan matakala, hannu ɗaya a saki. A ƙasan kowanne an buga suna ɗaya, mai cike da z da w, wanda harshena ya kasa. Na kwafe shi baƙi bayan baƙi a bayan tikitina.

Ga abin da Goggo ta ba ni, haɗe da ɗan abin da na tsinta a bayan katunan. Madam mutuniyar ƙasar Polan ce. Ta hau dandamali tana 'yar shekara goma sha shida, a babban birninsu, kan fushin iyayenta. Da aka fara fim a ƙasarsu, irin wanda ba a jin magana sai motsi, tana cikin na farko-farko. Ta yi suna da iya mutuwa. Duk labarin da za a kashe mace a ƙarshe, ita ake nema, mutane na fita silima suna share hawaye. Da aka ƙirƙiro fim mai magana sai tauraronta ya dushe, don muryarta a dishe take, aka koma ba ta matsayin uwa da na mai aikin gida. Sannan babban yaƙi ya zo. Aka loda su a jirgin ƙasa zuwa gabas, ta yi zaman sansani, ta fito ta Iran da sauran 'yan gudun hijira. A can ta auri wani likita da ya sami aikin duba alhazan jirgin ruwa a Jidda. Ya riga ta mutuwa a wata tafiya, aka binne shi a wata ƙasa. Finafinanta kuwa duk sun ƙone a yaƙi, ita da bakinta ta faɗa wa Goggo. Katunan nan ne kaɗai shaidar ta taɓa yin abin.

Kakata ce ke yi mata wanki, Goggo kuma ta shiga gidan tana 'yar shekara tara, tana taje mata gashi.

"Kullum bayan la'asar sai ta zauna gaban madubin nan ta shafa hoda," in ji Goggo. "Sai ta tashi ta mutu. Yau da guba, gobe da wuƙa, jibi da ciwon ƙirji. Ta faɗi ƙasa, ido a buɗe, ko numfashi ba kya gani. Aikina shi ne in ƙirga goma in tafa mata. In ban tafa ba, ba ta tashi. Wata rana na yi mata ƙeta na ƙi, wallahi har aka kira magariba tana kwance."

"Ba ki ji tsoro ba, Goggo?"

"Da farko. Daga baya na fi jin tausayi. Ni kaɗai ce 'yan kallonta."

Ta gyara bakin mayafin da ɗan yatsa ba tare da ta ɗaga shi ba.

"Madam ta sha gaya mini al'adarsu. In mutum ya mutu ana rufe madubi, kada ransa ya ga kansa ya maƙale a ciki. Ta sa na yi mata alkawari. Ta ce, Maryam, ke za ki rufe, kuma kada ki buɗe sai kin ga da idonki ƙasa ta rufe ni. Ina da shekara sha huɗu, ran nan ta faɗi kamar kullum. Na ƙirga goma na tafa. Na sake ƙirgawa na tafa. Ummi, na tafa har hannuna ya yi zafi."

Ran nan Goggo ta cire mayafinta ta rufe madubin, ta ruga ta kira uwarta. Wasu Turawa suka zo da mota suka ɗauki gawar. Mace ba ta bin gawa, balle yarinya, balle gawar Nasara. Ba ta ga komai ba. Da mai gidan ya zo kwashe kaya, ta rungume teburin tana kuka har ya ce ta tafi da shi, aka kawo shi nan a amalanken jaki. Shekara sittin da 'yan kai ke nan yana nan yadda aka ajiye shi.

"Ni ban san ko an binne ta ba," in ji ta. "Watakila jirgin ruwa aka sa ta. Watakila teku aka jefa ta. In katafila ta fasa shi tana ciki, me zan ce ranar da za a tambaye ni amana?"

Na ce ai mu Musulmi ba mu yarda rai na shiga madubi ba.

"Ni ma na sani. Amma ita ta yarda, kuma ita na yi wa alkawari."

Laraba: Bab Makka

Ƙarfe goma Gadiri ya ɗauke ni, minti goma sha biyu muka isa Bab Makka, kasuwar tsohon gari. Muka ratsa masu yadi da masu dabino da ƙafa, ya nuna mini gidan da Madam ta zauna: bene uku na farin dutsen teku, da tagogin katako masu ɓula-ɓula da suka turo kan titi. An gyara ƙasan, an yi shagon turare. Saman a rufe yake. Na daɗe ina kallon tagar hawa na biyu, ban ga komai ba, ban kuma so in ci gaba da kallo ba.

Muka zauna cin tsire a wajen wani dattijo, su can siriya suke ce wa tsiren, riyal goma takarda ɗaya. A nan Gadiri ya gaya mini cewa akwai maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, kuma daga gidan Goggo tafiyar kwata ce da ƙafa. Na ajiye naman.

"Shekara sittin, kwatan awa, ba wanda ya kai ta?"

"Wa ya sani? Abuya, babana, ya ɗauka camfi ne, ya hana ta maganar. Da kuma mata ba sa shiga. Mu ma sai da jan rubutun nan ya zo ta faɗa mana sabab. Na yi sati biyu ina bin waraga, takardar shiga, jiya aka ba ni izini. Gobe da safe, awa ɗaya bas, ba ƙari."

Ya matso da kujerarsa.

"Ji nan, ya binti khali, 'yar kawuna. Wurin nan ya tsufa, gishiri ya cinye rubutu. Mumkin, watakila ma ba ta ciki. Umma ba ta karanta boko. In ba ki gani ba, ki tsaya kan kowane dutse ki karanta mata sunan, halas, shi ke nan. Ai aikinki ne, shekara nawa kina yi wa mutane ƙarya a rediyo?"

Na ce wasa daban, ƙarya daban.

"Tayyib. Ranar Asabar in an yanke wuta, ke za ki zauna da ita a zafin nan? Tana da ciwon zuciya. Ko in ɗauke ta da ƙarfi tana kuka, ta mutu tana fushi da ni?"

Raina ya ɓaci, don na san yana da gaskiya, na kuma san abin da yake nema ba daidai ba ne. A hanyar komawa na kama kaina ina gwada sunan a baki, ina neman yadda zan faɗe shi da murya mai tabbaci.

Alhamis: maƙabarta

Mun fita takwas saura kwata. Goggo ta sa baƙar abaya, ta ƙi keken da Gadiri ya aro. Doguwar katanga ce, da itatuwa sun leƙo ta samanta, motoci na wucewa ba wanda ke waiwaya. Mai gadin wani dogo ne, Bahaushen Sudan, ana ce masa Malam Usman. Ya duba takardar da iƙamar Gadiri, wato katin zamansa a ƙasar, da fasfona, sannan ya dubi Goggo.

"Hajja, wa gare ki a nan?"

"Uwar ɗakina."

"Shekara goma sha ɗaya ina ƙofar nan, ban taɓa ganin baƙar mace ta zo neman wani ba. Tsofaffin kaburburan suna can kusurwar gabas. Littafin da ke hannuna bai kai can ba."

Da ya mai da ƙofa, ƙarar titi ta ɗauke. Na fara bin layi da tikitina a hannu. Ga matuƙan jirgin ruwa, ga jarirai, ga wasu da rubutun da ban san ko na wace ƙasa ba ne. A kusurwar gabas abin da Gadiri ya faɗa ne: duwatsu sun zagwanye, wasu sun kife, wasu yashi ya binne su. Na duƙa, na shafa, na tofa yawu a yatsa na goge. Minti arba'in suka wuce. Gumi ya jiƙa ni har ƙafa. Malam Usman ya duba agogo, Gadiri ya dube ni.

Zan faɗi gaskiya tunda ni ke ba da labarin. Na zaɓi wani dutse mai kyan gani, wanda ba a iya karanta komai a kansa. Na gyara tsayuwa, na ja numfashi irin na gaban makirfo, har na ɗaga hannu zan nuna. Na buɗe baki in ce, Goggo ga ta nan.

Goggo ba ta bayana. Ta wuce can gindin katanga, inda ni ban ga kabari ba sai tudun yashi da busassun ganye. Tana tsaye, hannayenta a haɗe a ƙirji, kanta a ɗan karkace.

"Ummi, zo ki share nan."

Na durƙusa na share da tafin hannu. Wani faffaɗan dutse ya fito, a kwance. A samansa an sassaƙa fuskoki biyu ƙanana, ɗaya na dariya ɗaya na kuka. A ƙasa ga rubutu, rabi ya lalace. Na ɗora tikitina a gefe na bi baƙi bayan baƙi. Bakwai na farko sun yi daidai, na ƙarshe uku ma haka. Na karanta sunan da ƙarfi yadda na iya, kuma muryar da ta fito ba irin wadda na gwada jiya ba ce.

"Umma, kef, yaya kika sani?" in ji Gadiri a hankali.

"Ba ku ji hodar ba?"

Gadiri ya ce bai ji komai ba. Ni ban amsa ba.

Goggo ta daɗe tana kallon dutsen. Na ga leɓɓanta na motsi, na ɗauka addu'a take, ashe ƙirga take yi. Da ta kai goma sai ta fito da hannayenta daga abaya ta tafa, sau uku, a hankali. Tsuntsaye suka tashi daga itacen da ke kanmu. Ta jira. Mu ma duk muka jira, har da Malam Usman, kuma ban san abin da muke jira ba. Ba abin da ya motsa.

"To," in ji Goggo. "Wannan karon da gaske ne. Mu tafi."

Mun isa gida goma da minti biyar. Ba ta ko sha ruwa ba, ta wuce ɗaki, ta ce mu tsaya a bakin ƙofa. Igiyar ta ƙi kwancewa, sai da ta sa wuƙa. Ta yi bismillah ta ja mayafin, ya yage a hannunta don ruɓewa. Madubin mai fuska uku ne. Damshin Jidda ya cinye shi, duka ukun sun yi baƙi ƙirin, sai wani wuri a tsakiya, faɗin tafin hannu, da ya rage da haske. Goggo ta sunkuya ta kai fuskarta wurin. Ta juya dama, ta juya hagu, ta shafa kumatunta.

"Ashe na girme ta," in ji ta.

Na juya na fuskanci bango, don kuka ya zo mini. Sai na ji ta ce, da muryarta ta kullum, "Gadiri, kira motar kaya. Wannan a bar wa masu rusau, ba kowa a ciki."

Juma'a zuwa Talata: Mahjar, Makka, gida

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka kwashe. Tafiyar minti ashirin da biyar ce zuwa Mahjar, gida hawa na ɗaya, mai ɗaki uku. Goggo ta shiga tana ƙorafin ƙanƙantar kicin, Gadiri ya ce alhamdu lillahi, ta warke. Asabar na je Makka na yi umara, na dawo Lahadi. Ban je na ga an rushe gidan Hindawiyya ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Da zan taho ta miƙo mini gwangwanin katunan.

"Ke ce 'yar sana'arta. Ita fuska gare ta ba murya, ke murya ba fuska. Ku ƙarata."

Na durƙusa na gaya mata abin da na kusa yi a maƙabarta, don ba zan iya hawa jirgi da shi ba. Ta ce ta gan ni sarai lokacin da na ɗaga hannu. Ta ce Madam ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba, kuma ko ita ba ta taɓa ruɗinta ba sai sau ɗaya, ranar da ta mutu da gaske.

Jirginmu ya tashi Talata ƙarfe tara na safe, muka sauka Kano sha biyu saura. Direban nan dai shi ya zo. Ɗan sandan shinge na uku ba ya nan. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma na shiga gidana, na tarar 'yata ta sa an yi mini fenti don ta faranta mini. Ina tura ƙofar ɗaki na ga madubin sif ɗina a lulluɓe da zane, masu fenti sun manta ba su cire ba. Ko takalmi ban tuɓe ba na fizge shi, na tsaya ina kallon kaina har 'yata ta tambaye ni ko lafiya.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Gadiri, duk da shawararsa ta banza, da Malam Usman da ya ƙara mana minti goma bai ce komai ba. Katunan suna nan a wurina. Jiya na fito da wanda take kwance a kan matakala, na nuna wa jikokina, na gaya musu ko wace ce. Sannan na ce su tafa mata, suka tafa.